Gwaggo Ta Rasu, Ta Bar Daƙiƙa Hamsin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kunya ma ta samu ɗan gefe ta raɓe a cikinta, nake sanar da 'yan uwa, abokan arziki, maƙwabtan shago, da duk wanda ya taɓa kawo mini kaset ƙunshe a leda, rasuwar kwamfutata, abokiyar sana'ata, wadda duk layinmu ya sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana, a kan bencin mai gyaran waya, bayan jinyar kwana uku. Shekararta goma sha ɗaya a hannuna. Waɗanda ta yi kafin ta zo hannuna kuwa, ita kanta ta daina ƙirga su.

Zan fara da abin da ya fi ci mana rai, don kada mai karatu ya ɗauka ƙarfe da roba muke wa kuka. A cikin Gwaggo aka ajiye muryar marigayi mahaifinmu, minti arba'in da huɗu, kwafi ɗaya tal a faɗin duniya. Shekara uku mahaifiyarmu, Inna, tana jiran in juye mata ita a katin ɗan rediyonta, ga kunnenta kullum ƙara nauyi yake. A sanarwar baka da na yi makon jiya, na ce muryar ta mutu tare da Gwaggo. Wannan rubutacciyar sanarwa ta soke waccan, bisa umarnin babbar yayarmu, wadda ta ce in ban rubuta gaskiya na liƙa a ƙofar shago ba, za ta rubuta da kanta. Na san irin rubutun Yaya, shi ya sa na yi maza na ɗauki biro.

Marigayiya ta shigo rayuwata ta hannun wani tsohon injiniyan gidan rediyo da muke kira Mai Tabarau, lokacin da ya ajiye aiki. Ko a ranar ba yarinya ba ce. Akwai tsaga a kusurwar murfinta, haruffa huɗu sun goge daga madannanta, wurin nan da ake shafawa da yatsa kuma ya riga mu gidan gaskiya tun kafin mu san juna. Saboda haka babu zancen danna hoto irin na 'yan zamani. Hanya ɗaya ake magana da Gwaggo: a buɗe baƙin allo, a rubuta mata umarni a layi, a buga babban maɓalli, a koma gefe a ba ta wuri.

Mai Tabarau ya zauna a kujerata mai ƙafa uku da bulo, ya rubuta layi bakwai. Wannan yana mai da ƙaton fayil na WAV, irin wanda ke fitowa in an kwafi kaset, ya koma MP3 ɗan ƙarami da kowace waya ke karɓa. Wancan yana zare sauti daga bidiyo. Wani yana ɗaga muryar da ta yi ƙasa, wani yana rage shuuu ɗin tsohon kaset. Ya ce sunan farko a layi shi ne abin da aka kawo, sunan ƙarshe shi ne abin da nake so ya fito a kati, abin da ke tsakaninsu kuwa kada in taɓa ko da gobara ake yi. Sannan ya nuna mini maɓallin kibiyar sama, wanda in ka danna yake dawo maka da layukan baya ɗaya bayan ɗaya. Ya sha ruwa, ya yi mini fatan alheri, ya koma garinsu. Bayan wata biyu lambarsa ta daina shiga.

Tunda yau ranar wanka ce, ba zan ɓoye cibiya ba. Shekara goma sha ɗaya ana kira na Injiniya a layin nan, alhali duk ilimina na kwamfuta bai wuce danna kibiyar sama ba. Ban san ma'anar harafi ɗaya a layukan nan ba. Da siffa nake gane su, yadda ake gane ɗan uwa daga nesa da tafiyarsa: ga dogo mai lambobi a ciki, ga gajere, ga mai ƙaho biyu. In mai aiki ya tsaya a bayana, sai in murtuke fuska, in ciji leɓe, in buga madannai da ƙarfi, in goge, in sake bugawa. Fararen rubutu su yi ta gudu a baƙin allo, mutum ya riƙe baki ya ce, «Kai, Injiniya, Allah ya ƙara basira.» In ce amin, ba tare da na kalle shi ba. Gwaggo tana ji, ba ta taɓa tona ni ba.

Wannan kenan na farko cikin kyawawan halayenta: rufin asiri. Abin da ya ratsa cikinta na muryoyin mutane, da za ta buɗe baki da layin nan ya watse. Ta juya waƙoƙin biki da aka ɗauka kusa da janareta. Ta juya karatun ɗalibai, da tallan mai magani, da muryar wani dattijo da ya ɗauki carar zakaransa don a sa masa a waya. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo alkawarin da mijinta ya yi mata da bakinsa, wanda ya ƙi buɗuwa a wayar kawunsa, ga shi an sa ranar zaman sulhu. Gwaggo ta juya shi tsaf, ta ɗaga muryar har ana jin inda ya rantse. Mijin har yau ba ya bi ta ƙofar shagona.

Ta kasance mai haƙuri da talauci. Batirinta ya mutu tun shekara ta biyu, ta rayu a kan wayar wuta kamar mara lafiya a kan ƙarin ruwa, ba ta yi ƙorafi ba. Abu ɗaya take buƙata, a ɗora ta a kan murafan kwalba huɗu don iska ta shiga ta ƙasanta, domin a nan hancinta yake. In ta farka da safe sai ta ce fuuuu, ta ɗan yi ƙir-ƙir-ƙir kamar tsohuwa na neman takalminta, sannan ta nutsu. In na yi kuskuren harafi sai ta ce tit, sau ɗaya, ta zubo jan rubutu, ta yi shiru tana jira in gane laifina da kaina. 'Yan bana-bakwai sun sha leƙowa su ce ai yanzu waya ma tana wannan aikin da dannawa biyu. Su ne kuma ke dawowa da yamma da fayil ɗin da wayar ta ƙi, suna sunkuyar da kai, suna tambaya ko Gwaggo na kusa.

Babban halinta kuwa shi ne biyayya. Injinan yanzu in ka ce su goge abu sai sun tambaye ka sau uku ko ka tabbata, kamar surukar da ba ta yarda da kai ba. Gwaggo ba ta san wannan raini ba. Abin da ka rubuta shi za ta yi, ba ruwanta da abin da kake nufi a zuciyarka. Kuma da yake cikinta ƙarami ne, Mai Tabarau ya ɗaura wa kowane layi 'yar wutsiya a ƙarshe, wadda da zarar sabon fayil ya fito take share na asalin don a samu wuri. Na san da wutsiyar nan. Ba ta taɓa cutar kowa ba, tunda mai kaset yana tafiya da kasetinsa. Ni ne ma na rubuta da jan fenti a bangon shago, saitin kan Gwaggo: KA AJIYE KWAFI BIYU. Rubutun yana nan, wanda ya zo ta'aziyya zai gani.

Yanzu sai zancen kaset ɗin Baba. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, lokacin Yaya tana aikin jinya a wani gari mai nisa, Baba ya zauna a tsakar gida ya ɗaukar mata saƙo a kaset, Inna tana gefe tana tsintar shinkafa. Da ya gama ya miƙa mini, ya ce in kai wa direban da ke zuwa garin. Na ce to, gobe. Kaset ɗin ya shiga aljihun wata jakata, jakar ta shiga ƙarƙashin gado, gadon ya bi ni gida uku. Sai bayan rasuwar Baba da shekara guda na ci karo da shi ina neman takardar haihuwar ɗana. Na kai wa 'yan uwa labari cewa na tsinto shi cikin kayan Baba. Wannan ma a gyara a rubuce: cikin kayana na tsinto shi.

Ranar gidanmu ya yi kuka ya yi murna. Na hana kowa saka shi a rediyo, na ce tsohon kaset ba a wasa da shi, sai an kwafe tukuna, kuma a nan na yi gaskiya. Inna ta zare katin ɗan rediyonta ta damƙa mini, ta ce a nan take so a sa mata. Na soke katin a gefen Gwaggo, na haɗa ta da rediyo mai kaset na shagona, na ɗora abin ji a kunne, na danna. Sai ga Baba, da ransa da tarinsa. Ya gai da Yaya, ya ba ta labarin rufin ɗakin da ya gyara, da maƙwabcin da ya ari tsaninsa ya mai da shi gado. Ya bi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya yana sa albarka. Ina ji ina share hawaye da hula, har muka kai minti na ashirin da bakwai, inda ta abin jin da ke kunnena na ji wannan:

«Shi kuma Sarkin Gobe yana nan yadda kika bar shi. Na ba shi agogona ya kai gyara tun kafin ki tafi, har yau in muna son sanin lokaci sai dai mu leƙa rana. Ki aike shi sayen gishiri, sai an wanke kwanuka zai shigo yana tambayar na nawa aka ce. Hannu gare shi, ban hana shi ba, amma komai gobe, komai gobe. Ina gaya miki, kada ki kuskura ki ba shi ajiyar abin da ba shi da na biyu.»

Ni ne Sarkin Gobe. Sunan da Baba ke kira na kenan, wanda na yi shekaru ina binne shi a ƙarƙashin Injiniya. Na cire abin ji na ajiye, na fita ƙofar shago na tsaya ina kallon motoci, na bar Gwaggo ta ƙarasa kwafa ita kaɗai. Da na dawo na danna a mai da kaset baya, sai rediyon ya ce ƙurrr, ya tauna zaren, ya tofo shi kamar taliya, ya tsinke a wuri biyar. Daga ranar, Baba ba shi da wani gida a duniya sai cikin Gwaggo.

Aikin da ya rage na minti biyu ne: kibiyar sama, canza suna, babban maɓalli. Na yi wa baƙi irinsa ya fi sau dubu. Amma ta yaya zan miƙa wa 'yan uwana biyar, da matansu, da mazansu, da 'ya'yansu masu tura komai ga kowa, takardar shaidata daga bakin mahaifina? Sai na ƙudurta zan cire wurin nan tukuna. Sau da yawa na buɗe fayil ɗin, in saurara har zuwa «na biyu», in kashe. Ko sau ɗaya ban taɓa wuce nan ba, don na ɗauka abin da ke gaba ya fi na baya muni. In Inna ta tambaya in ce ana tace shuuu ɗin. In Yaya ta tambaya in ce aikin na buƙatar nutsuwa. Maiɗakina, wadda ta fi kowa sanina, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin shuuu mai shekara uku ba.

Ranar Litinin ta makon da abin ya faru, Yaya ta kai Inna a duba kunnenta, aka ce na hagu ya tafi, na dama ma yana haɗa kaya. Daga can ta zarce shagona, ba ta ko zauna ba. Ta ce, «Juma'a zan zo in karɓi katin nan. In babu Baba a ciki, kai zan sa a ciki.» Ta juya ta fita.

Ranar Alhamis da hantsi na tuna cewa cikin layuka bakwai na Mai Tabarau akwai ɗaya da ban taɓa amfani da shi ba, mai gurbin lokaci biyu, daga ina zuwa ina. Na danne kibiyar sama na riƙe. Bukukuwa suka yi ta wucewa da baya, shekara na bin shekara, har na iso ranar farko, na same shi yana zaune inda aka bar shi. A gurbin farko na sa inda Baba ya ambaci sunana. A na biyu na yi kintace, na ƙara da ɗan rara don kada wani ɓurɓushin faɗan ya tsira, duka daƙiƙa hamsin. A lissafina, abin da ke tsakanin lambobin nan biyu shi za a zubar. Ban tambayi kowa ba, don Injiniya ba ya tambaya. Ban yi kwafi na biyu ba, ga jan fenti a saitin goshina. Na yi bisimilla na buga babban maɓalli.

Aikin minti arba'in da huɗu yakan ɗauke ta lokaci, tana huci. Wannan karon ko numfashi ba ta ja ba ta gama. Ba tit, ba jan rubutu. Na buɗe abin da ya fito a kati, sai na ji, «Shi kuma Sarkin Gobe yana nan...» Na kashe da sauri. Ashe layin nan abin da ke tsakanin lambobi yake tsincewa ya adana, ya bar sauran. Sauran kuwa wutsiya ta riga ta bi ta kansu. Gaisuwar, da rufin ɗakin, da tsanin, da albarkar 'ya'ya biyar, da minti goma sha shida na ƙarshe da ban taɓa ji ba, duk sun tafi cikin ƙiftawar ido. Garin neman gira na rasa ido. Ina so a shaida cewa marigayiya ba ta yi kuskure ba, abin da na rubuta shi ta yi.

Mai hankali da nan take ya nemi taimako. Ni kuwa sai na yi abin da na fi iyawa: na murtuke fuska na ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba. A ranar nan da washegarinta na juye wa makarantar bayan layinmu darussa na awa talatin. Da Yaya ta zo Juma'a na ce mata Gwaggo ba ta jin daɗi, a ba mu zuwa wani mako. Bakina ya kama ta, don Asabar da safe na naɗe ta a tawul na kai wa mai gyaran wayar da ke kallon shagona, wanda allonsa ya ce yana gyara waya, kwamfuta, fanka da dutsen guga. Na ce masa aikin wani babban mutum ne ya goge.

Ya yi mini bayani cikin natsuwar likita, cewa abin da aka goge kamar ɗan haya ne da aka cire sunansa daga ƙofa: yana nan cikin ɗaki har sai an zuba wasu a kansa. Ya tambaya ko na zuba wani abu tun ranar. Na ce darasi na awa talatin. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Duk da haka ya ce a gwada, ya sa mata wata manhajar tono, ya ce za ta yi kwanaki tana aiki ba tsayawa. Don girmamawa ya shimfiɗa mata soson kujera mai laushi ya ɗora ta a kai, cikin ɗan shagonsa na kwano, a tsakiyar zafin nan. Na ga soson, na san ya toshe mata hanci. Na tuna murafan kwalbarta huɗu suna kan tebur a shagona, taku goma sha biyar daga inda muke tsaye. Na ce masa zan kawo su gobe.

Kwana uku ta yi tana tono da dukan ƙarfinta. Ta tono waƙoƙin bikin mutanen da tuni suka rabu. Ta tono zakaran dattijon nan har sau biyu. Ba ta tono Baba ba. Ranar Talata fankarta ta fara ƙyarrr, ƙyarrr, ta koma wani siririn kuka, sannan daga can cikinta aka ji ƙit, ƙit, ƙit. Ƙaurin roba ya tashi. Baƙin allon da ta rayu a cikinsa ya yi baƙin da babu farin rubutu a kai. Mai gyara ya kara kunne, ya danna, ya girgiza, ya hura mata iska da baki, sannan ya rufe murfin a hankali ya ce sai haƙuri.

Allah ya gani, na yi baƙin ciki. Allah ya kuma gani, a ƙarƙashin baƙin cikin na ji wani sanyi, don na samu gawar da zan jingina wa laifina. Kafin la'asar na sanar da gida cewa Gwaggo ta tafi da Baba. Shekara goma sha ɗaya tana rufa mini asiri, sakayyar da na yi mata kenan.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuri uku, wanda tun gawa ba ta huce ba mutum biyu suka tambaya ko ana bukatarsa. Ta bar lasifika biyu 'yan tagwaye, ɗaya bebe tun daminar da rufin shago ya yi yoyo. Ta bar ɗan uwanta rediyo mai kaset, wanda ya tauna zaren Baba, yana nan da ransa da lafiyarsa, don mugu ba ya saurin mutuwa. Ta bar murafan kwalba huɗu, marayu. Ta bar layuka bakwai da ba su tsira ba, tunda ban taɓa kwafe su a takarda ba, kullum ina cewa zan yi. Ta kuma bar katin Inna, soke a gefenta shekara uku, ɗauke da daƙiƙa hamsin. Na yi niyyar goge su ya fi sau goma, hannuna ya ƙi. Zagi ne, amma muryar Baba ce, kuma babu wata.

Ranar Laraba Yaya ta zo shago yi mini ta'aziyya, idonta jawur. Ta dafa murfin Gwaggo, ta ce ƙaddara ta riga fata, kada in sa abin a raina. Sai idonta ya faɗa kan katin. Ta ce, «Ko ba komai a mayar wa Inna da katinta.» Ta zare ta jefa a jaka. Ina tsaye, bakina a buɗe, na rasa ƙaryar da za ta yi daidai da wurin.

Da yamma duk muka taru a ɗakin Inna don ba ta haƙuri, mu shida da iyalanmu, wasu a kan tabarma, wasu a bakin gado, yara a ƙofa. Yaya ta mai da katin cikin ɗan rediyon don ta ga ko yana aiki, ta murɗa ƙara har ƙarshe saboda kunnen Inna. Baba ya cika ɗakin. Agogo, gishiri, komai gobe, kada ki kuskura ki ba shi ajiyar abin da ba shi da na biyu. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Sai kuma rarar nan da na ƙara da kintace ta biyo baya, wadda ni ma ban taɓa ji ba. Baba ya yi tari, ya ce:

«Ke, miƙo mini ruwan nan mana, kin tsaya kina dariya.»

Sai ga dariyar wata mace, cikakkiya, mai ƙarfi, har da shan numfashi. Aka ji kofi ya sauka a kan siminti.

«Yauwa. Ina muka tsaya? Sarkin Gobe. Amma fa ki sani, duk cikinku shi ne wanda...»

Ƙit. Daƙiƙa hamsin sun cika.

Ba sai na faɗi abin da ya biyo baya dalla-dalla ba. Yaya ta juyo ta kalle ni, na zayyana komai tun daga jakar ƙarƙashin gado. Autanmu ya ce ƙarshen maganar a bayyane yake: shi ne wanda za a riƙa ɗaure wa kaya a wuya. Yaya ta ce a'a, shi ne wanda zai kai mu kabari da ƙafarmu. Kowa ya kawo nasa, babu mai daɗi ko ɗaya. Inna kuwa sai ta miƙo hannu. Ta karɓi rediyon ta manna a kunnen dama, ta ce, «A sake.» Aka sake. Sau goma sha ɗaya aka sake. In an zo wurin dariyar sai ta taya matar can dariya, hawaye na bin kumatunta. A na ƙarshe ta ajiye rediyon a cinya ta ce, «Ashe haka nake dariya.»

Da kowa ya watse na durƙusa a gabanta, na matsa kusa da kunnen dama. Na ce, «Inna, ki yafe mini. Kina wurin ranar. Me Baba ya ce a ƙarshe?» Ta ce, «Na tuna sarai. Har inda ya ajiye kofin na tuna.» Na ce, «To me ya ce, Inna?» Ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara ɗankwalinta, ta ce, «Ka dawo gobe.»

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a ƙofar shago, inda mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da kurarsa ya ɗauke ta. Malamin layinmu ya tabbatar ba a yi wa ƙarfe salla, don haka masu zuwa ba sai sun yi sahu ba. Mai gyaran waya ya nemi a bar masa allonta da fankarta, iyali sun ƙi, sun kuma roƙe shi ya zo ba tare da soson kujera ba. Maɓallin kibiyar sama kaɗai aka cire, Yaya ta ce in rataya shi a wuya. Waɗanda aikinsu ya rage a cikinta su zo da kasetinsu da haƙurinsu. An sauke wa jama'a nauyin kira na Injiniya daga yau. Duk wanda ya san inda Mai Tabarau yake, ya gaya masa layukansa sun bi uwarsu, kuma akwai ɗalibi mai neman a fara masa daga harafin farko.

Ana karɓar gaisuwa a shago daga azahar zuwa la'asar. Wanda ya zo da safe bai same ni ba ya yi haƙuri, ina gidan Inna. Yau kwana takwas ina zuwa. Takan sa in zauna, ta kunna mana daƙiƙa hamsin ɗin mu saurara tare, in yi tambayata, ta ba ni amsar jiya. Shekarunta saba'in da shida, kuma ita ma kwafi ɗaya ce. Kullum ƙarfe bakwai ina bakin ƙofarta, nakan tsaya shiru sai na ji tarinta daga ciki sannan in yi sallama. Ta ce gobe, kuma ban taɓa makara ba.

Mai sanarwa,
Sarkin Gobe, a madadin caja, tagwaye da sauran iyalan mamaciya.